Wadda Na Bari, Kum Ɗina Zai Ɗauka

Zuwa ga Gwaggo Leposava,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle, kuma na gaji da jin ta bakin maza. Tambayata a ido ƙarama ce. Ƙananan bindigogi biyu ne a gabana, takardar izinin da ke hannuna ta guda ɗaya ce, wacce zan saya? Na san ba irin abin da aka saba kawo miki ba ne. Sai da na fara kai ta dandalin masu harbi a intanet. Cikin kwana biyu mutum arba'in da wani abu suka amsa, har biyu suka zagi iyayen juna a kan ingancin ƙarfe, amma babu ko ɗaya da ya tambayi inda wadda ban saya ba za ta tafi. Ni kuwa nan ciwon yake. Duk wadda na bari, kum ɗina ne zai ɗauka, wato ubangidanmu na baftisma da aure, kuma mutum ne da ko wuƙar yanka burodi ba na son gani a hannunsa idan matarsa tana kusa.

Ki yi haƙuri da ni, ban iya gajarta magana ba. Shekarata arba'in da takwas, makanikin motocin bas ne ni. Shekara ashirin da biyu ina ƙungiyar harbi ta garinmu, tara daga ciki ni ne sakatare, hatimin ƙungiya a aljihun teburina yake. Duk tsawon wannan lokaci da bindigar ƙungiya nake harbi, ban taɓa mallakar tawa ba, kullum ana shirin sai wata hidima ta taso. Wanda ya koya mini harbi shi ne Kawu Vidoje, tsohon sajan, gajere, mai faɗan tsiya. Idan ya ga yatsanka ya taɓa kunama kafin lokaci, da ƙarfen goge bindiga zai ƙwale maka hannu, ya ce, "Wannan yatsan na ƙwaƙular hanci ne, ajiye shi waje har sai na ce." Likita ne kai ko alƙali, bai dame shi ba. Na sha duka a hannunsa fiye da yadda na sha a hannun ubana, kuma da ya rasu a watan Fabrairu na yi kukan da ban yi wa ubana ba.

Ya bar bindiga biyu. Ɗaya ƙirar ƙasarmu ce, M57, wadda kowa ke kira Tetejac. Siririya ce, doguwar mariƙa, baƙinta ya koɗe a gefe inda babban yatsansa ya yi shekara arba'in yana zama. Harsashi tara take ci, tana da tsawar da in ka harba sai na layin kusa da kai ya waiwayo, kuma harsashinta ba ya jin katako. Da ita ya fara ɗora hannuna, yana tsaye a bayana yana warin taba da tafarnuwa, yana ce mini in daina rufe ido kamar amarya. Ɗayar kuwa 'yar ƙasar Cek ce, CZ 75, ya saye ta da ya yi ritaya. Wannan in ka riƙe ta sai ka rantse an auna tafin hannunka kafin a ƙera ta. Sha biyar take ci, ba ta fizgar hannu, ko wanda bai iya ba sai ta rufa masa asiri a gaban allon harbi.

Kafin ya cika ya ce wa matarsa, Gwaggo Milunka, a sayar mini da ɗaya, ni zan zaɓa. Wai kada a ba ni kyauta, zan ji kunya in ƙi karɓa, kuma gaskiyarsa. Game da ɗayar bai ce komai ba. Ita kuwa Gwaggo Milunka a wurinta maganar ba ta da wuya: makamin gida ba ya barin gida. Ba su da ɗa namiji, 'ya ɗaya gare su, Branka, saboda haka mijin Branka ne zai gada. Mijin Branka shi ne Ostoja, kum ɗina.

Yanzu bari in gaya miki abin da ya faru ranar arba'in, don tun ranar abinci bai ƙara yi mini daɗi ba. Mun je kabari da hantsi, fada, limamin cocinmu, ya yi addu'a, aka kunna kyandir, aka zagaya da dafaffiyar alkama kowa ya ɗebi cokali. Wallahi, Gwaggo, wani ɗan ƙungiyarmu, mutum mai furfura, alkamar tana bakinsa bai haɗiye ba, ya matsa kusa da gwauruwar ya ce, "Allah ya jiƙansa, Milunka. Af, 'yar Cek ɗin nan, gidan harsashinta biyu ne ko ɗaya?" Wani kuma ya ja ni gefe a tsakanin kaburbura, wai in ban ɗauki Tetejac ba in yi masa hanya, ko kuben fatar kaɗai ma zai saya. Mutanen da marigayin ya yi shekaru yana gyara wa tsayuwa ke nan. Kyandir ɗin ko rabi bai ci ba.

Da muka koma gida cin abinci abin ya ƙara lalacewa. An gasa ɗan rago, barasa ta zagaya sau uku, sai ga Ostoja ya fito daga ɗakin marigayin da tawul a naɗe. Ashe ya karɓi makullin akwatin ƙarfen da ake ajiye su a hannun surukarsa, ya baje bindigogin nan a tebur, tsakanin farantin kabeji da ƙasusuwa. Suka yi ta yawo hannu zuwa hannu, kowa da maiƙon rago a yatsunsa, babu wanda ya duba ko babu harsashi a ciki sai ni. Bindigogin da tsohon nan yake gogewa duk Lahadi bayan coci, ko an harba ko ba a harba ba. Ostoja ya ɗauki 'yar Cek, ya auna ta a tafinsa, ya kalli ƙofar kicin inda Branka ke fitowa da tire, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Kum, zaɓi taka ka bar mini tawa. Daga ranar da ta shigo gidana, miya ba za ta ƙara zuwa tebur da sanyi ba."

Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi. Wannan ne abin da ban iya gaya wa kowa ba. Ba dariyar jin daɗi ba ce, irin wadda ake yi ce don kada a zama kai kaɗai ne ba ka yi ba, amma bakina ya buɗe, sauti ya fito, kuma Branka ta ganni. Ta ajiye tiren, ta kwashe farantan da aka gama da su, ta koma. Tun tana 'yar shekara goma na san ta, tana zuwa filin harbi tana kawo wa ubanta abinci a kwano. Na je bayan gida na wanke bakina da ruwa kamar wanda ya ci wani abu ruɓaɓɓe, na dawo na zauna a kujerata na ci gaba da cin ragon. Tir da ni.

Kada ki ce wasan mashaya ne kawai. Bara waccan Branka ta karye a wuyan hannu, aka ce daga tsani ta faɗo tana tsinkar 'ya'yan itace, a watan Maris, lokacin da ko ganye babu a bishiya. Ta taɓa zuwa wurin matata Olivera da gyale naɗe a wuya a tsakiyar Yuli, ta sha kofi tana zufa ba ta cire ba. Tana da wani ɗan kare da take ji da shi, ya yi haushi ana kallon ƙwallo, Ostoja ya fita da shebur, ya dawo kafin a tafi hutun rabin lokaci. Da bakinsa ya ba ni labarin, yana dariya. Duk layinsu sun sani. Ba a taɓa kiran 'yan sanda ba, don haka takardarsa a can fes take kamar ta limami. Likita ma ya duba shi ya sa masa hannu, to me likita zai gani? Idonsa garau, hannunsa ba ya rawa.

Abu ɗaya ya rage masa, kuma a nan ne wuyana ya shiga. Kafin a ba shi izini sai ya kai shaidar cewa shi ɗan ƙungiyar harbi ne mai zuwa. Sunansa yana cikin rajista, ni na rubuta shi da hannuna shekara biyu da suka wuce don ya dame ni. Sau uku ya taka filin, na ukun ma ya juyo da bindigar ƙungiya a ɗane yana tambayar wa ke da ashana, sai da kowa ya kwanta a ƙasa. Ya taɓa neman shaidar nan Kawu Vidoje yana da rai. Tsohon ya karanta takardar har ƙarshe, ya ninke ta huɗu, ya sa masa a aljihun riga, ya ce, "Surukina, 'yata na ba ka, kuma kullum ina neman gafarar Allah. Wannan kam a'a." A lokacin shi ne shugaba, ni ina bayansa na ɓuya. Yanzu babu shi. Sabon shugaban duk abin da na buga wa hatimi sa hannu yake yi, ko takardar naɗe kifi ce. Ostoja ya ce ran Litinin ta sama zai kawo mini takardar gareji. "Minti ɗaya ne, kum, ko hannunka ba sai ka wanke ba." Gwaggo Milunka kuma 'yan sanda sun ba ta wa'adi a kan bindigogin, kullum sai ta buga mini waya, "Ɗana, ka zaɓa mana, in huta da ƙarafan nan."

Za ki ce to in ƙi mana. Kin san ba haka ake yi ba. Kakansa ne ya riƙe ubana a baftisma, ubansa ya riƙe ni, shi ya tsaya a bayana a coci ranar aurena, shi ya zaɓa wa 'yata suna. Ranar bikin waliyyin gidanmu shi ke zama a kujerar girma, kafin yayana ma. Uwata tana da shekara tamanin da ɗaya, har yau in ya shigo sai ta yunƙura ta miƙe. A gidanmu ba a taɓa ce wa kum a'a ba, ko rance ne ko tarakta, kuma in faɗi gaskiya, su ma ba su taɓa ce mana ba. Lokacin da aka yi wa Olivera aiki a babban birni, shi ya yi ta kai mu da motarsa sati uku, ko man bai bari na zuba ba. Mutumin da ya kashe kare da shebur shi ne dai ya zauna da ni a barandar asibiti yana ɓare mini lemo. Na rasa yadda zan haɗa su su zama mutum ɗaya.

Shi ya sa na koma lissafin da nake jin ƙyamar kaina a kansa. Ina ƙarƙashin mota da sifana a hannu, ina tunani: in na ɗauki 'yar Cek na bar masa Tetejac, tara kawai gare shi, kuma tana da wuyar saiti ga wanda bai iya ba, wataƙila ya kuskure. Amma harsashinta yana ratsa ƙofa, wanda ya ɓuya a bayanta bai tsira ba, kuma irin ta da ce, ba ta da ɗan makullin nan na gefe mai hana ta tashi, sai hankalin mai riƙe da ita. In kuma na ɗauki Tetejac, wadda ita zuciyata ke so, na bar masa wadda ko makaho zai samu da ita, har sau sha biyar. Kin ji abin da namiji ɗan shekara arba'in da takwas, uban 'ya mace, yake aunawa da rana tsaka. Har takarda na ɗauka na ja layi a tsakiya, na rubuta amfanin kowacce da illarta, na zo rabi na ga abin da nake rubutawa, na cusa ta a gwangwanin baƙin mai.

Olivera ba ta san da maganar hatimin ba, kuma tana kicin lokacin da aka yi dariyar. Amma duk Alhamis sai ta karanta shafinki, za ta gane ni tun a layi na uku. Wataƙila ma shi ya sa na rubuto miki maimakon in buɗe baki. Ostoja kam kada ki damu, shafin ƙwallo kaɗai yake buɗewa. Duk da haka ki canja sunayen.

Ki gaya mini, Gwaggo, wacce zan saya? Ko in fasa duka in ce ba ni da kuɗi? Amma in na fasa, biyun zai kwashe.

Naki,
Mai Hatimi, daga wani gari a bakin Morava


Ɗana Mai Hatimi,

Na canja sunayen kamar yadda ka roƙa, na kuma tsallake wasiƙu huɗu na sa taka a gaba, saboda Litinin ba ta da nisa.

Bari in fara sallamar tambayar da ka yi, don kada ka ce na yi maka irin ta 'yan intanet. Maigidana marigayi soja ne, Tetejac ta yi shekara talatin a saman kabad ɗinmu, saboda haka ba baƙuwata ba ce. In harbin gasa kake so ka ci gaba da yi har tsufa, 'yar Cek za ta fi yi wa wuyan hannunka adalci, harsashinta ma ya fi sauƙin samu. In kuma malaminka kake son tunawa, ai ka riga ka zaɓa, duk wanda ya karanta yadda ka kwatanta inda yatsansa ya koɗar da ƙarfen ya san wacce kake so. Duka biyun kayan kirki ne, babu wadda za ta ba ka kunya. Sayi Tetejac ɗinka, ka goge mata maiƙon ragon, ka kulle ta.

Shi kuwa lissafin da kake yi a ƙarƙashin mota, gara da ka cusa shi a baƙin mai. Tsakanin murhu da tebur a kicin taku uku ne. A wannan tazarar babu bindiga mai wuyar saiti, kuma babu bambanci tsakanin tara da sha biyar. Ba ma sai ya harba ba. Ya ishe shi ya ajiye ta kusa da farantinsa, Branka ta ƙarasa rayuwarta tana kallon hannunsa. Kana ta neman wadda za ka bar masa ka iya barci, babu ita a cikin biyun. Abin da zai sa bindiga a hannun Ostoja ko ya hana, yana aljihun teburinka, kai ma ka sani, shi ya sa ka sa hannu a wasiƙarka da wannan sunan.

Ba zan raina maganar kum ba. Ni ma a gidan da ake miƙe wa kum na tashi, kuma mutumin da ya yi sati uku yana kai matarka asibiti ya yi maka abin da ba a mantawa. Ba sai ka mayar da shi shaiɗan ba kafin ka ce masa a'a. Yana da kirki gare ka, yana da mugunta gare ta, irinsu suna da yawa, yawanci ma su ne suka fi kowa iya zaman barandar asibiti. Ba kuma zan yi maka ƙarya in ce abin zai wuce salin-alin ba. Zai zage ka a gari. Kujerarsa za ta zauna babu kowa ranar waliyyinku, mahaifiyarka za ta yi kuka, wasu 'yan ƙungiyar za su ce ka cika iyayi. Ka sa duk wannan a ranka tun yanzu, kada ya zo maka ba-zata ka karaya.

Amma ka duba abin da yake roƙo. Ba tarakta ba ce. Yana so ka shaida wa hukuma cewa shi mai zuwa filin harbi ne, alhali sau uku ya zo, na ukun ya kwantar da ku a ƙasa. Ƙarya ce da sunanka a ƙasanta, kuma in wani abu ya faru takardar farko da za a zaro ke nan. Sannan wannan zumuncin da kake tsoron yankewa, da gida aka ƙulla shi, ba da mutum ɗaya ba. Branka tana cikin gidan. Ita ma ta tsaya a coci ranar da aka raɗa wa 'yarka suna, ina kyautata zaton ita ta ɗinka rigar ma. Haƙƙin da ke kanka na kum ya hau kanta kamar yadda ya hau kansa, ita ce dai ba ta taɓa zuwa gareji ta roƙe ka komai ba.

Yanzu ga yadda za ka bi, kuma ka kiyaye wanne ke gaba da wanne, don in ka yi garaje ita za ta sha hukuncin. Olivera tana karanta wannan, to sannu Olivera, ajiye jaridar ki saurari mijinki, faɗan dariyar ki bar shi sai an gama. Ke za ki nemi Branka, a inda mijinta ba ya nan, ki gaya mata abin da ake shirin yi tun kafin Litinin, don kada fushinsa ya same ta ba shiri. Ki tambaye ta abin da take so, kada ki yanke mata. Ki ba ta lambar masu taimakon matan da ake duka, tana ƙasan wannan shafin kowane mako, ki kuma gaya mata akwai gado a gidanku ko da wane lokaci ta ƙwanƙwasa. Mai yiwuwa ta ce babu komai, tsani ne. Kada ki ji haushi, ki dai tabbata ta ji.

Kai kuma ka je wurin Gwaggo Milunka da kanka, ba ta waya ba. Ina zaton ta san fiye da abin da take nunawa, uwa ba ta rasa lura da gyale a watan Yuli. Ka gaya mata abin da mijinta ya yi da takardar Ostoja da abin da ya faɗa, tunda kana wurin. Mace da ta yi shekara hamsin da mutum ba ta cika son saɓa masa bayan ransa ba. In damuwarta wa'adi ne, ku je ofishin 'yan sanda tare ku tambaya, akwai hanyar ajiye makami a wurinsu kafin a daidaita maganar gado, akwai kuma ta miƙa shi gaba ɗaya. In damuwarta kada makamin gida ya bar gida ne, ana kashe bindiga a hukumance a toshe ta yadda ba za ta ƙara tashi ba, sai ta rataye ta ƙarƙashin hoton marigayin, kowa ya huta. Ka tambayi ƙa'idar a can, kada ka dogara da tsohuwa mai rubutu a jarida. Kafin nan, makullin akwatin nan ya bar hannun da Ostoja zai iya karɓa.

Ranar Litinin in ya zo, kada sunan Branka ya fito daga bakinka, ko kare, ko miya. Ka buɗe masa rajista, ka nuna masa sau ukun, ka ce ba za ka buga hatimi a kan abin da ba haka yake ba. Ka gaya wa shugabanku tun kafin nan, kada a zagaya ta bayanka. Na san abin da za ka ce, cewa a ƙasar nan wanda ya nace sai ya samu bindiga a rufin ɗakin wani, babu takarda babu hatimi. Gaskiya ne, ƙin ka ba zai mayar da Branka cikin aminci ba. Shi ya sa in an zo tambayar maƙwabta da abokai game da halinsa, ko in ka ji yana neman ta bayan fage, za ka faɗi abin da ka sani ga waɗanda aikinsu ne su ji. Wannan ya fi ƙin buga hatimi wuya, kuma shi ma yana kanka.

Game da dariyar, ba zan ce maka ba komai ba ne, don komai ne. Na ji ƙyamar teburin nan tun daga nan inda nake zaune, har da mai furfurar da alkama a baki. Amma wanke baki a bayan gida bai amfani kowa ba, kuma ƙyamar kai in ta daɗe sai ta zama wurin ɓuya. Branka ta ga mutum goma sha wani abu suna dariya a gidan ubanta, a ranar arba'in ɗinsa, ta ƙirga har da wanda uban ya fi so. Tun ranar, a saninta, babu ko mutum ɗaya a garin nan da zai ce wa mijinta a'a. Ran Litinin da yamma labari zai kai mata cewa akwai.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya jiƙan malaminka, ya tsare Branka. Ka gaida Olivera da mahaifiyarka.

Taka,
Gwaggo Leposava